Yadda Al'ummar Ƙauye Za Ta Tsare Matasanta Daga Shaye-shaye: Jagora Ga Garuruwan Kewayen Jos

A ƙauyukan da ke kewaye da Jos, tun daga Mista Ali da Jengre a ƙaramar hukumar Bassa har zuwa Bisichi da Dorowa Babuje a Barkin Ladi, yaro da yawa ba neman maye ne ke kai shi ga ƙwaya ba a karon farko. Gajiya ce ke kai shi. Wanda zai sauka ramin kuza da asuba cikin sanyin hunturu, da wanda zai wuni yana ban ruwa a lambun kabeji da karas, da ɗan acaɓar da ke jigilar buhunan dankalin turawa a hanyar da ba ta san kwalta ba, kowannensu akwai ranar da abokin aiki ya miƙa masa tiramol guda ya ce ya haɗiya zai ji ƙarfi. Ya haɗiya, ya kuma ji ƙarfin, ya yi aikin mutum biyu. Wannan ne dalilin da ya sa idan babba ya tsaya a gabansa yana cewa ƙwaya ba ta da amfanin komai, yaron yakan sunkuyar da kai don ladabi, amma a ransa ya san abin da jikinsa ya shaida.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da wani abin maye a cikin shekara guda a Nijeriya, ban da giya da taba. Miliyan 10.6 daga cikinsu tabar wiwi suke sha, miliyan 4.6 kuma magungunan kashe ciwo irin su tiramol, sannan miliyan 2.4 maganin tari mai kodin, wasu kuma suna shan fiye da ɗaya. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wadda aka kafa a 1989, tana da ofishi a Jos, amma jami'anta ba za su iya kwana a kowane ƙauye na ƙananan hukumomi 17 na jihar Filato ba. Abin da ƙauye yake da shi wanda birni ya rasa shi ne sanin juna: an san ɗan wane, an san shagon wane, an san wanda ya dawo daga bariki da sabon hali. Wannan jagora ta ginu ne a kan yadda za a yi aiki da wannan sanin tun kafin yaro ya fara, maimakon a ajiye shi sai ranar tsegumi.

Mataki na farko: a tara mutanen da za su ɗauki nauyin

Aikin yana bukatar ƙaramin kwamiti na mutum kamar takwas zuwa goma sha biyu, ƙarƙashin inuwar dagaci ko mai unguwa. A sa limami, a sa fasto a duk garin da Musulmi da Kirista suke zaune tare, domin mai sayar da ƙwaya ba ya tambayar addinin mai saye, kuma maɓoyar 'yan shaye-shaye tana daga cikin wurare kaɗan da rikice-rikicen Jos na 2001 da 2008 da 2010 ba su raba ba. A sa shugaban makarantar firamare, da ma'aikacin ƙaramin asibitin gari, da mata aƙalla biyu waɗanda ake buɗe musu ƙofar kowane gida, kamar ungozoma da malamar Islamiyya. A sa shugaban 'yan acaɓa, da wani daga cikin masu ramukan kuza ko manyan masu lambu, da matasa biyu waɗanda samari ke zama da su da gaske. Idan akwai wanda ya taɓa shaye-shaye ya daina, kujerarsa ta fi ta kowa daraja, domin shi ya san hanyar da kaya ke bi.

Shawarata ita ce a nisanta kwamitin daga masu neman kujerar siyasa, ko da sun zo da kuɗi, saboda kowa ya san abin da ake raba wa 'yan bangar siyasa a lokacin kamfe, kuma da zarar an ce kwamitin na jam'iyya kaza ne rabin gari zai janye. A zaman farko a yi alkawari biyu a gaban juna. Na ɗaya, sirrin gidan mutum ba zai fita daga ɗakin taro ba. Na biyu, idan ɗan mai unguwa ne ko ƙanin limami aka samu a ciki, za a bi da shi kamar ɗan kowa. Kwamitin da ya kasa cika alkawari na biyu ba zai shekara ba.

Mataki na biyu: a san abin da ke faruwa kafin a yi magana

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya duba. A ware mako uku ko huɗu ana sauraro kawai, ba wa'azi, ba kame. Tambayoyin da ake neman amsarsu su ne: me ake sha a garin nan, daga ina yake shigowa, a wane wuri ake sha, a wane lokaci, kuma 'yan shekara nawa ne suke farawa. Amsar tana bambanta daga gari zuwa gari. A garin da ke bakin ramukan kuza, tiramol da wiwi ne kan gaba. A inda yara ƙanana ke yawo ba makaranta, za a tarar da sholisho, wanda ake saye a wurin mai faci da kuɗi kaɗan. A wasu wuraren goskolo ne, wannan barasar da ta addabi Jos da kewayenta, a wasu kuma ana haɗa ƙwayar barci ta diyazefam ko ƙwayar ezol a cikin shayi ko lemon kwalba, ko a jiƙa zaƙami a lokacin biki. Kowanne da irin rigakafin da ya dace da shi, don haka wanda bai tantance ba zai yi ta harbi a duhu.

Matasan kwamitin ne za su yi wannan tambaya a majalisar samari, a teburin mai shayi, a tashar acaɓa, kuma kada su tambayi sunan kowa. Tambaya irin ta "su wane ne ke sha?" tana rufe baki nan take, amma idan aka ce, "Don Allah, in mutum yana son tiramol a garin nan da dare, wahalar samu yake yi ko kuwa?" za a ji labari har a gaji. Mata kuma su saurara a gidajen suna da biki da wurin niƙa, domin binciken da na ambata ya gano cewa a cikin kowane mutum huɗu masu ta'ammali da ƙwaya ɗaya mace ce, kuma shaye-shayen mata a ɓoye yake, a cikin ɗaki, sau da yawa da kwalbar maganin tari ko ƙwayar barci wadda aka fara sha saboda damuwar zaman aure.

Daga nan a zauna a zana taswirar gari a kan babbar takarda, a sa alama a kan kangwaye, da bayan makaranta, da bakin kududdufan tsohuwar ma'adinai, da duk inda ake taruwa bayan magariba. A gefe guda a rubuta watannin shekara, a nuna lokacin da kuɗi ke shiga hannun samari da lokacin da aiki ke yankewa. Wannan jadawali yakan buɗe wa mutane ido fiye da komai, domin zai nuna cewa haɗarin yana da kaka: bayan an sayar da dankali ko masara kuɗi ya zauna a aljihun yaro ɗan shekara 17, da makon salla da na Kirsimeti, da daren biki idan an kawo masu kiɗa, da ranar kasuwa, da kuma tsakiyar rani ga waɗanda ba su da lambu. A ajiye littafi guda a hannun ma'aikacin asibiti, a rubuta adadi ba suna ba: shaguna nawa ke sayarwa, yara nawa suka bar makaranta a zangon nan, mutum nawa aka kawo asibiti a sume, haɗarin babur nawa aka yi. Da wannan littafi za a auna aikin daga baya.

Mataki na uku: a toshe ƙofar da kaya ke shigowa

Ya kamata kwamiti ya san doka kafin ya tunkari kowa. A watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Tiramol kuwa magani ne na gaskiya wanda likita ke rubutawa, amma ƙarfin da hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta amince da shi na yau da kullum shi ne miligiram 50 da 100, saboda haka duk wanda aka gani mai lamba 200 ko 225 ko 250 ta ɓarauniyar hanya ya shigo. Ƙaramin kemis na ƙauye lasisinsa na sayar da magungunan da ba sa bukatar takardar likita ne kawai, kuma Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Ƙasa ce ke ba da wannan lasisi. Mai tallar magani a faranti ko a bayan babur ranar kasuwa ba shi da izinin komai.

Duk da haka, kada a fara da barazana. Mai kemis ɗan gari ne, shi ke ba da maganin zazzaɓi bashi da tsakar dare, kuma idan aka kunyata shi a bainar jama'a zai koma sayarwa ta taga. Mai unguwa da ma'aikacin asibiti su same shi su biyu, bayan ya rufe shago, a ce masa: "Malam, mun zo neman taimakonka ne. Yaran nan namu ne da kai, kuma kai ka fi mu sanin masu zuwa. Muna so mu yi yarjejeniya da duk masu shagon magani a garin nan, kowa ya daina a rana ɗaya, don kada wani ya ce ɗan'uwansa ya kwashe masa ciniki." Wannan magana ta ƙarshe ita ce mabuɗi, domin tsoron mai shago shi ne ya daina maƙwabcinsa ya ci gaba. A rubuta yarjejeniyar, kowa ya sa hannu a gaban dagaci, a manna ta a ƙofar shago. Masu faci su yi alkawarin ba za su sayar wa yaro sholisho ba sai an zo da tayar da za a liƙe, masu shayi kuma su yarda ba za a jefa komai a tukunyarsu ko a kofin mai saye a teburinsu ba. Sarkin kasuwa ya hana masu tallar magani shimfiɗa.

Akwai wata ƙofa da ake yawan kawar da kai daga gare ta saboda masu ita manya ne. Wasu masu ramin kuza da masu gonaki su da kansu suke saya wa leburori ƙwaya don aiki ya yi sauri, wani lokaci ma a cire kuɗinta daga ladan yini. A ganina wannan ya fi laifin mai shago muni, domin mutum ne yake cin ribar lafiyar ɗan wani, kuma ranar da yaron ya fara faɗuwa yana shure-shure, sai a sallame shi a ɗauki wani. Kwamiti ya tara su gaba ɗaya, ya nemi abu uku: a daina ba da ƙwaya a wurin aiki, a hana wanda yake cikin maye sauka rami, a kuma tsara hutu da abinci da ruwan sha, tunda yunwa da tsawon awanni ne suke sa jiki neman abin da zai ɗauke shi. A tuna musu cewa tiramol mai yawa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma mutumin da ta kama a cikin rami mai zurfi, ko yana riƙe da igiyar da ake zura wani, ba shi kaɗai zai halaka ba. Ƙungiyar 'yan acaɓa ita ma tana da ikon da hukuma ba ta da shi, domin tana iya hana ɗan ƙungiya layi na kwana uku idan an same shi a buge.

Wanda aka yi wa gargaɗi sau biyu ya ƙi, da babban dila mai kawo kaya daga birni, a miƙa bayaninsu ga NDLEA da sunan kwamiti gaba ɗaya, ta hannun dagaci, don kada a ware mutum ɗaya a yi masa ramuwa. A ja kunnen 'yan sintiri sosai: ba duka, ba aske kai, ba zagaya gari da yaro ana yi masa ihu, ba ƙona shago. Bayan kasancewarsa karya doka, a yankin da ya sha rikici kamar namu ƙaramin abu irin wannan yana iya rikiɗewa ya zama faɗan ƙabila ko na addini kafin gari ya waye.

Mataki na huɗu: a koma cikin gida

Ƙasar Aisland ta taɓa kasancewa cikin ƙasashen Turai da matasansu suka fi shan giya. A 1998 kashi 42 cikin 100 na 'yan shekara 15 da 16 sun ce sun bugu a watan da ya gabata, amma zuwa 2016 adadin ya sauko zuwa kashi 5. Abubuwan da suka yi ba baƙi ba ne a wurinmu: iyaye sun yi yarjejeniya a tsakaninsu, an sa lokacin da yaro zai kasance a gida da dare, an ƙara lokacin da iyaye ke zama da 'ya'yansu, an kuma cika wa yara lokacinsu da wasanni da koyon abubuwa a ƙarƙashin kulawar manya. Arzikinsu ba irin namu ba ne, amma tushen dabarar shi ne abin da kakanninmu suke nufi da cewa ɗa na kowa ne.

Saboda haka a kira taron iyaye, maza daban mata daban idan al'adar gari ta bukaci haka, a amince da dokoki kaɗan waɗanda kowa zai iya riƙewa. Misali, yaron da bai kai shekara 16 ba ya kasance a gida bayan sallar isha'i da awa ɗaya. Ba za a aiki yaro sayen taba ko ƙwaya ko giya ba. Duk babban da ya ga yaro a kango da dare yana da izinin rako shi gida, kuma uban yaron zai yi godiya maimakon faɗa. Biki kuma a tashi daga kiɗa a lokacin da aka tsayar. Amfanin yin dokar tare shi ne yaro ba zai iya cewa "gidanmu ne kaɗai ake takura" ba.

A koya wa iyaye alamomin farko, amma a gargaɗe su cewa alama ɗaya ba hujja ba ce. Daga ciki akwai sauyin abokai farat ɗaya, da barcin rana mai nauyi da rashin barcin dare, da rama, da yawan ƙaiƙayi, da jan ido, da nauyin harshe, da saurin fushi, da ɓacewar ƙananan kuɗi ko kwanon hatsi, da fankon ƙwaya a aljihu lokacin wanki. Uwa ce takan fara gani, kuma sau da yawa takan ɓoye saboda tsoron abin da maigida zai yi ko gorin kishiya. Don haka dole ne maza su ji daga bakin limami da dagaci cewa matar da ta faɗi halin ɗanta ta yi abin yabo.

Yadda za a yi wa yaron magana yana da muhimmanci ƙwarai. A zaɓi lokacin da yake cikin hayyacinsa, ba a gaban ƙannensa ba. Uba yana iya cewa: "Zo nan, ɗana, zauna. Na ga ka rame, kuma na ga abin da ke aljihunka. Ban kira ka don in dake ka ba. Faɗa mini yaushe ka fara, kuma me ke damunka." Sannan ya yi shiru ya saurara, ko da abin da zai ji ba zai yi masa daɗi ba. Tsinuwa da kora daga gida suna miƙa yaro ne kai tsaye ga mutanen da za su karɓe shi hannu biyu a maɓoya.

Mataki na biyar: makaranta da mumbari

Gangamin yini guda, da riguna masu rubutu da dogayen jawabai ranar 26 ga Yuni, wadda ita ce ranar yaƙi da shaye-shaye ta duniya, yana da daɗin gani amma shi kaɗai ba ya sauya hali. Abin da ya fi tasiri shi ne darasi a kai a kai wanda ke koya wa yaro yadda zai ƙi tayin aboki ba tare da ya ji ya zama bare ba. Akwai shirin rigakafin shaye-shaye na Unplugged mai darussa 12, wanda aka gwada a makarantun sakandaren Nijeriya tare da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, kuma shugaban makaranta yana iya tambayar hukumar ilimi ko ofishin NDLEA yadda za a horar da malaminsa. Kafin a samu, malami ya ware rabin awa a mako, yara su yi wasan kwaikwayo: wannan ya miƙa ƙwaya, wancan ya gwada amsoshin da zai bayar. A fara tun daga aji biyar na firamare, kuma a kai darasin Islamiyya da tsangaya, inda yaran da ba sa zuwa boko suke. Masu huɗuba su bayyana hukuncin duk abin da ke sa maye, sannan su haɗa da cewa ƙofar tuba da ta magani a buɗe take, domin a cikin sahu akwai uban da ke jin kunyar neman taimako.

Mataki na shida: a ba matasa abin yi da abin jira

Idan an raba yaro da majalisar banza ba a ba shi wata ba, zai koma. A duba jadawalin nan na watanni, a sa gasar ƙwallo tsakanin unguwanni daidai lokacin da haɗari ya fi yawa, da sharaɗin cewa wanda ya zo fili a buge ba zai buga ba, kuma a sa babban mutum mai mutunci ya riƙa tsayawa a wurin atisaye. A nemi kowane tela da kafinta da makanike da mai walda da mai gyaran waya ya ɗauki yaro ɗaya ko biyu, kwamiti kuma ya riƙa leƙawa duk wata. Dagaci yana iya ba ƙungiyar samari aron fili kusa da kududdufi don noman rani, a haɗa kuɗi a saya musu injin ban ruwa, su biya bayan sun kai kaya kasuwar Farin Gada. A farfaɗo da gayya, domin aikin da mutum goma suka yi da waƙa da raha ba ya bukatar ƙwaya kamar wanda mutum ɗaya ya yi shi kaɗai.

Kuɗin kaka yana bukatar tanadi na musamman. A kafa wa samari adashi wanda kwasarsa ke da manufa, kamar sayen akuya, ko taki, ko biyan kuɗin jarrabawa, a kuma karɓi zubin a ranar da aka sayar da amfani, tun kuɗin bai kwana a aljihu ba.

Mataki na bakwai: waɗanda suka riga suka shiga

Wanda jikinsa ya saba da tiramol ko kodin, idan ya daina zai yi fama da ciwon gaɓoɓi, da zufa, da hamma, da yoyon hanci, da gudawa, da rashin barci na kwanaki, kuma wannan azaba ce ke mayar da mutane da yawa, ba taurin kai ba. Wanda ya daɗe yana shan diyazefam ko barasa mai yawa kullum, yankewa farat ɗaya na iya jawo masa jijjiga mai haɗari ga rai, don haka sai da kulawar ma'aikacin lafiya. A fara da asibitin gari, daga nan a nemi takardar turawa zuwa sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo. NDLEA ma tana da sashen ba da shawara, kuma tun bayan da Janar Buba Marwa mai ritaya ya karɓi shugabancinta a 2021 ta buɗe layin waya na kyauta don masu neman taimako. Kwamiti ya tanadi ɗan asusu na kuɗin mota, domin sau da yawa kuɗin zuwa Jos ne kawai ke tsakanin iyali da magani.

Ina roƙon iyaye su guji duk wurin da ake ɗaure mutum da mari ana dukansa da sunan gyaran hali. Abin da 'yan sanda suka tarar a wani gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, inda aka fito da mutum sama da 300, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka, ya isa darasi. Addu'a da nasiha suna da gurbinsu babba, kuma suna tafiya tare da magani ba tare da sarƙa ba.

Kowane ɗan kwamiti ya san abin yi idan an tarar da mutum a sume. Idan numfashinsa ya yi ƙasa sosai, leɓɓansa sun sauya launi, ƙwayar idonsa ta tsuke, kuma ba ya farkawa ko an girgiza shi, a kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi, a nemi mota nan take, a tafi da fankon abin da ya sha don ma'aikatan asibiti su gani. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwan gishiri, kada a bar shi wai ya yi barci ya wartsake. Idan jijjiga yake yi, a kawar da abin da zai ji masa rauni, kada a cusa masa cokali a baki. Akwai allurar naloksan da ke dawo da numfashin wanda ƙwayoyi irin su tiramol da kodin suka danne, kuma yana da kyau ma'aikacin asibiti ya nemi a ajiye ta.

Ranar da ya dawo daga magani ita ce farkon aikin gari. A haɗa shi da babba guda wanda zai riƙa ganinsa kullum, a sama masa aikin da ba zai mayar da shi ramin da ya fara ba, a daina kiransa da sunan da aka laƙaba masa. Idan ya sake zamewa, a sake ɗaga shi, a kuma gargaɗe shi cewa bayan an daina na wani lokaci jiki ba ya ɗaukar adadin da ya saba a da, kuma komawa kan tsohon adadi na iya kashe shi.

Mataki na takwas: a riƙa buɗe littafin

Kwamiti ya zauna sau ɗaya a wata, a rana tsayayya, ko da mutum huɗu ne suka zo. Duk wata uku a buɗe littafin nan a kwatanta: shaguna nawa suka riƙe alkawari, yara nawa suka koma aji, nawa ke wurin koyon sana'a, mutum nawa aka kai asibiti. Idan adadin masu neman magani ya ƙaru a watannin farko kada a firgita, domin yawanci alama ce ta cewa mutane sun fara yarda su fito. Idan aka ga samari sun koma saye a ƙauyen da ke maƙwabtaka, dagaci ya aika wa takwaransa, a kai maganar gaban hakimi, a gayyaci mutanen can su zauna a taro na gaba su ga yadda aka rubuta yarjejeniyar masu shago, a kuma ba su kwafinta su tafi da shi.